Waƙar Malam a Hanyar Shiling

Shin mijina Malam ya san abin da yake rera mini duk shekarun nan, ko sautin ne kawai ya yi masa daɗi? Har yau ban sani ba. Direba ne a kamfanin Jamusawa masu aikin titi, kuma daga kaset ɗin maigidansa ya ɗauki waƙar. Kullum na ajiye masa tuwo sai ya rera ta, har ni ma na haddace ban san ko kalma ɗaya ba. Ban yi boko ba, 'yata Hadiza ce take rubuta wannan.

Kano

Bayan na fita takaba kuka ya ƙi barina. Hadiza, mai sarin jakunkuna, ta ce, "Umma, ki raka ni Chana ko zuciyarki ta sha iska." Kafin asuba muka bar gida, muka bi ta Legas, muka canza jirgi a Dubai. Ƙafafuna suka kumbura.

Xiaobei

A Xiaobei, unguwar baƙar fata a Chana, muka sauka. Wani ɗan Damagaram mai gidan abinci ya yi mini irin Hausarsu, sai da na ce ya maimaita. Na nemi yaji, wata yarinya 'yar Chana mai aiki a wurin ta ce "meyo", wato babu.

Shiling

Washegari muka ɗauki mota zuwa garin jakunkuna tare da wani Bature mai sarin fata. Hadiza ta ce Bajamushe ne. Na tuna da waƙar Malam. Na ce, "Roƙe shi ya saurare ni."

"Umma, a mota?"

"To a ina zan sake samun wani?"

Na rera. Ya kasa kunne, ya girgiza kai. Hadiza ta fassara mini: shi mutumin bakin teku ne, wannan kuwa Jamusancin mutanen kan dutse ne, kalma nan kalma can yake tsinta. Na ce ashe su ma suna da Damagaram ɗinsu. Ya yi dariya, ya ce abokiyar aikinsa 'yar Ostiriya, can ƙasar mutanen kan dutsen, tana jiransa a masana'anta.

Da muka isa muka same ta, tsakanin kekunan ɗinki na sake rerawa. Matar ta kama amshi, tana buga cinya. Ta ce waƙar gidan biki ce, iyayenta sun yi rawa da ita. Akwai wurin da murya take tsalle sama, wanda na ɗauka shirmen Malam ne, ashe haka makiyayansu suke kiran juna daga dutse zuwa dutse.

Na ce, "Me waƙar take cewa?"

Ta ce wani magidanci ne yake ƙorafi matarsa tana cika gishiri a miya, amma ko sarki ya gayyace shi ba zai ci ta wani gida ba.

Hadiza ta toshe baki tana ɓoye dariya. Kowa a gidanmu ya san nauyin hannuna a gishiri, Malam kaɗai ne bai taɓa magana ba. Na zauna a kan buhun fata na yi kuka, matar tana riƙe da hannuna.

Gida

Mun dawo Kano lafiya, na gode wa Allah, na gode wa baƙin nan biyu da ban riƙe sunansu ba. Ina shiga ɗaki sai kwanciyar Malam a asibiti ta faɗo mini a rai. Likita ya hana Malam gishiri, na kai masa miya lami. Ya ɗanɗana, ya ture kwanon a hankali, ya ce, "Asabe, wannan ba miyarki ba ce. Gobe ki zo mini da taki."