Ranar da Sannu-Sannu Ya Ɗaga Murya

Hannunsa ne ya jawo masa sunan Sannu-Sannu. Shekara talatin da ɗaya yana goge motoci a garejin da ke bayan tasha, kuma ba a taɓa ganin ya gama mota biyu a wuni ɗaya ba. Sai ya wanke ta sau biyu, ya jira ƙarfen ya huce a inuwa, ya bi jikinta da bayan yatsu kamar mai duba zazzaɓi, sannan ya buɗe gwangwani. Da ɗan soso yake shafa kakin mota, faɗin tafin hannu a lokaci guda, ya bari ya yi fari-fari, ya ɗauke shi da tsumman tsohuwar singileti da ta sha wanki har ta yi laushi. Direbobi kan ce wanda zai kai masa mota ya tafi da tabarmarsa. Amma in ya gama, mutum na iya gyara zaman hularsa a jikin ƙofa.

A da yana da rumfa, ita ce ta uku in ka shiga, tsakanin mai walda da mai gyaran birki. Inuwa ita ce rabin sana'arsa, domin kaki ba ya shiri da ƙarfe mai zafi.

Matarsa ce ta kawo masa ƙaninta, lokacin da aka sallami ƙanin daga kamfanin da yake yi wa tuƙi. Ba yaro ba ne, yana da mata da 'ya'ya uku, ga baki, ga saurin hannu. Ita tana ce masa Auta. Cikin shekara guda ya koyi abin da yake ganin shi ke nan sana'ar, ya sayo injin gogewa mai faifai, yana gama mota huɗu kafin Yayan nasa ya gama ɗaya. Daga nan gareji ya sa masa Mai Inji.

"Yaya, kai fa in aka ba ka jirgin ƙasa, sai jikokinka su ƙarasa," yakan ce, a yi dariya. Sannu-Sannu ma yakan yi. Ƙanin mata ne, bakinsa a sake yake.

Shekara shida da suka wuce aka kawo baƙar motar wani lauya. Mai Inji ya danna faifai a gefen bonet, wato murfin injin motar, ya tsaya amsa gaisuwa, fenti ya ƙone faɗin cokali. Da lauyan ya zo yana huci, ga shugaban gareji tsaye, sai Mai Inji ya ɗaga wani gwangwani ya ce man gogewar ne jabu, kuma Yaya ne ya sayo, idonsa ya fara rauni, ba ya bambanta na kirki da na bogi.

Sannu-Sannu ya buɗe baki, ya tuna da matarsa, ya rufe. Ya je gida da niyyar gobe zai yi magana. Ta durƙusa a gabansa tana kuka, ta ce in aka kori Auta a nan ma, ina za shi da yara? Ya yi shiru domin ta. Sai dai abin da ya ɗauka na mako guda ne ya zama na dindindin. Shugaba ya bar wa Mai Inji rumfar, shi kuma ya koma gindin wata bishiya a bakin ƙofa, kusa da shagon kayan fenti, yana wanke motocin haya. Ba rumfar ce ta fi ci masa rai ba. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne, in ya faɗi wani abu game da fenti, sai a dubi juna a yi murmushi. Mutumin da yake gane man gogewa da ƙamshi kawai, shi ne aka mayar makaho.

Bai taɓa ɗaga maganar ba. Yana zuwa gidan Auta in an yi haihuwa, yana ɗaukar jariri. Kowa na cewa ba a taɓa ganin mai haƙuri irinsa ba, shi ma har ya kusa yarda.

Wata safiya aka jawo wata tsohuwar jar mota da igiya. Tun daga nesa ya gane ta. Motar wani likitan dabbobi ce, wanda ya rasu shekara takwas da suka wuce, kuma Sannu-Sannu ya goge ta fiye da sau hamsin. Matar marigayin ce ta biyo ta, wata malamar makaranta da ta yi ritaya. Ta ce ɗanta zai dawo daga karatu, tana so ya tarar da motar ubansa kamar yadda ya san ta. Ta nemi mai gogewa, aka nuna mata rumfa ta uku. Ta wuce ta gaban bishiyar, ba ta gane shi ba.

Shi kuwa ya san abin da ke jikin motar nan. Fentin yanzu ana fesa masa wani ruwa mai kamar gilashi a sama, shi inji yake ci, launin yana ƙasa a ɓoye. Na da ba shi da wannan riga. In ka ɗiga mai a farin tsumma ka goga, tsumman zai fito ja, domin fentin kansa kake ɗebewa. Wannan kuma, bayan shekarun da shi da kansa ya yi yana goge ta, abin da ya rage a gefuna bai kai kaurin takarda ba.

Kwana biyu bakanike ya yi yana tayar da injinta. Rana ta uku da hantsi, Mai Inji ya shigo shagon fenti. Sannu-Sannu yana wanke taya, amma yana ganinsa ta gefen ido. Mai Inji ya ɗauki gwangwanin man gogewa mai kaushi, wanda ake cinye karce da shi, ya juya bayan gwangwanin yana karantawa. Ya ajiye, ya ɗauki mai laushi, ya shinshina, ya ɗauki na kaki. Ya tambayi mai shago wanne ya dace da tsohon fenti, mai shago ya ce duka masu kyau ne, jiya aka kawo su. Mai Inji ya daɗe a tsaye. Sannan ya fito, ya zo ya tsuguna kusa da bokitin Yayansa kamar mai gyara takalmi.

"Yaya," ya ce a hankali, "jar motar nan. Na ɗan taɓa ta da tsumma, sai na ga ya yi ja."

A shekara shida, yau ne ya fara tambayarsa wani abu. Kalma huɗu za su wadatar, a faɗe su can ƙasa yadda kowa ba zai ji ba, kuma Sannu-Sannu ya san Auta zai bi. Ya dubi bencin mai abinci. Mai walda yana nan, mai birki yana nan, direbobi sun kai takwas, shugaba yana wanke hannu. Ya ji wani sanyi ya sauka a ƙirjinsa, mai daɗi, kamar an ɗauke masa kaya.

Ya miƙe tsaye, ya yarfe hannu, ya ɗaga murya yadda ba a taɓa jin ya yi ba.

"Auta, kada ka kuskura ka ɗora inji a kan motar nan. Fentin da ne, ba shi da riga. Mai laushi za ka saya, ka bi ta da hannu, sannan kaki. In ka sa faifai, kafin ka kai fitila za ka ga ƙarfe." Ya ɗan dakata har cokula suka tsaya. "Ko da yake ba aikin direba ba ne. Kawo ta nan in yi maka, sai ka ce wa Malama kai ka yi. Ai ka iya faɗin wanda ya yi abu."

Wani direba ya ƙware da dariya. Mai walda ya ce, "Kai, yau tsoho ya karya da barkono."

Mai Inji ya tashi daga tsugunen a hankali, kunnuwansa kamar za su yi hayaƙi. Ya yi wata 'yar dariya.

"Yaya ke nan. Wanda bai ga rubutun gwangwani ba, shi zai ga kaurin fenti daga nan?"

"Na dai faɗa maka. Jama'a sun ji."

Mai Inji ya koma shago ya fito da mai kaushi, yana riƙe da shi sama-sama yadda kowa zai gani.

Sannu-Sannu ya koma kan tayarsa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, babu ko harafi na ƙarya, haka ya riƙa gaya wa kansa yana cuɗa roba. Da ya ji inji ya tashi, sai ya ga fuskar marigayin, yadda yakan zauna a kan bokiti yana ba shi labarin shanu masu taurin kai. Taku arba'in ne tsakaninsa da rumfar. Ya sake tsoma soso a ruwa.

Injin bai yi minti goma ba ya yi shiru. Ba irin shirun sauya faifai ba. Mutane suka fara tashi daga benci ɗaya bayan ɗaya. Sannu-Sannu ne na ƙarshe, sai da ya ɗauraye tayar tas.

A kan layin da bonet ya lanƙwasa, jan ya tafi. Wani toka-toka ya fito, tsawon kamu guda, a tsakiyarsa ƙarfe yana ƙyalli. Faifan ya yi jajur kamar an yanka wani abu a kansa. Mai Inji yana tsaye, wayar inji ta naɗe masa ƙafa.

"Man ne," ya fara cewa.

"A'a," in ji shugaba. "Wannan karon muna zaune." Ya juyo ya dubi Sannu-Sannu, ya daɗe yana dubansa. "Motar lauya fa?"

"Ka tambaye shi."

Ba wanda ya tambaya. Mai Inji ya sunkuyar da kai, kowa ya samu amsarsa.

Malama ta zo da la'asar. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora yatsa a kan tabon, ta tambaya ko zai gyaru. Shugaba ya nuna mata Sannu-Sannu, ya ce ga wanda ya san motar, har ma ya yi gargaɗi. Ta ƙura masa ido, sai yanzu ta gane shi.

"Kai ne mai goge wa Likita."

"Ni ne, Malama. Gogewa ba ta mayar da fenti. Sai dai a sake fesa bonet ɗin, kuma jan ba zai zo ɗaya da sauran ba."

"Kana ina aka yi?"

"Ina bakin ƙofa."

Ta dubi ƙofar, ta dubi rumfar, kamar mai auna tazara. Ta sa bakanike ya tuƙa mata motar zuwa gida a haka.

Labari ya riga shi isa gida. Matarsa ta ajiye masa kwano, ba ta zauna ba.

"An ce shugaba ya mayar maka da rumfa."

"Ya mayar."

"Auta ya ce mini a tsugune ya same ka, Malam. A kunne ya tambaye ka."

"Na kuma gaya masa gaskiya. Ko ƙarya kike so in yi masa?"

"Shekara talatin ina tare da kai, ban taɓa jin muryarka daga zaure ba." Ta gyara ɗaurin ɗankwali, idonta a kan bango. "Yana tambaya ko za ka bar shi ya zauna a ƙarƙashinka. Yaran nan dai ba su yi maka komai ba."

Sannu-Sannu ya buɗe kwano. Ya yi mamakin irin yunwar da yake ji.

"Ya zo," ya ce. "Taya zai riƙa wankewa. In yana da tambaya, ya yi ta da ƙarfi, kunnena ma ya fara rauni."