Ranar da Aka Kira Min Mai Ruƙiyya Saboda Asusun Waya

Ko tsufa ya kwashe min komai, ba na jin zai kwashe min ranar da surukata ta ɗauka aljanu sun shige ni.

A lokacin ina sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a ƙauyenmu na gefen Bagwai, masu saye daga Kano ta waya suke turo min kuɗi. Ana gobe kasuwa na tashi biyan mai kawo min gyaɗa, sai na tarar an rufe asusun. Wai sai na saka lambar katin ɗan ƙasa da ta haraji, sannan wayar ta tantance fuskata. Jarina kaf yana ciki. In gyaɗar ta wuce ni, sana'a ta tsaya.

Lambobin ba su ba ni wuya ba, fuskar ce. A gidanmu ba a samun sabis sai a kan tudun bayan rumbuna. Na hau da rana tsaka, na miƙe hannu da waya. Ta ce in ƙifta ido, na ƙifta. Ta ce in buɗe baki, in juya kai hagu da dama. Da na gama sai sabis ya ɗauke, in sake daga farko.

Ashe Inna, uwar mijina, tana leƙe ta jikin danga. Ta zari mayafi sai gidan malamin unguwa.

Ina cikin wangale baki na ji an tofa min addu'a a ƙeya. Inna ta riƙe min kafaɗa tana cewa, "Sannu 'yar nan, za su fita."

"Inna, su wa?"

"Ka ji ko, Malam? Ba ta ma san suna ciki ba."

Da ƙyar na yi bayani. Malam ya laluba aljihu ya fito da tasa wayar. "Ashe haka ake yi? Ni ma nawa a rufe yake."

Nawa ya buɗe kafin la'asar, gyaɗa ta samu. Sai ga Malam a kan tudu, da rawaninsa, yana ƙifta ido yana juya kai. Inna ta daɗe tana kallonsa, ta ce, "To shi kuma wa za mu kira masa?"

Tun ranar na koyi cewa in zamani ya zo maka da sabon abu, ka fara yi wa na gida bayani kafin ka hau tudu.