Bidiyon da Gaisuwa Ta Cinye

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zai taɓa ranar da zumuntar matan cocinmu a Kafanchan ta jeru gaban wayata ba. Har gobe in na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, yara suna tambaya ko lafiya.

A shekarar ne Fastonmu ya kawo tsarin tura gajerun bidiyo ga marasa lafiya da ba sa iya zuwa sujada. Da yake ni malamar makaranta ce, kuma wayata ta fi ta kowa ɗaukar hoto, sai aka ɗora mini aikin. Muka ce za mu fara da tsohuwar da ta yi shekara da shekaru tana ba mu waƙa muna amshi. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita, 'yarta ta kai ta ƙauyensu can bayan Manchok. 'Yar ta kira ni tana kuka, ta ce Mama ta juya wa duniya baya, ba ta magana, abinci ma sai an yi da gaske. Likita kuwa ya ce harshenta na aiki, zuciyar ce ta karaya. Ta kuma ja mini kunne cewa netwok ɗin ƙauyen sai an hau dutse, duk bidiyon da ya wuce minti ɗaya ba zai sauka ba.

Ranar taronmu mata suka sha zanen zumunta, aka fito da tulunan kiɗa da caki. Na yi musu bayani kamar ina gaban 'yan aji ɗaya: ba gaisuwa, waƙa kawai. Kowa ta ce ta ji. Ina danna waya, sai matar Fasto ta matso har hancinta ya cika hoton.

"Mama, sannu! Ya jiki? Ya sanyin Manchok?"

Mai kaɗa tulu ta ture ta. "Mama, ni ne fa! Akuyan da kin ba ni ya haihu!"

Kafin ka ce kwabo minti ya ƙare. Na ce, "Haba jama'a, da wane yare zan faɗa muku?" Wata dattijuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malama, ke za ki shiga ɗakin mara lafiya ki kama waƙa ba ko sannu? A gidanku haka aka koya maki?" Aka fashe da dariya, har da ni mai fushin.

Muka yi ta maimaitawa, gaisuwa na cinye mintin, cajin wayata na ƙarewa, ga shi babu wuta. Sai da na ɗauki jakata na ce na tafi gida, sannan aka yarda za a haɗa baki a gaishe ta sau ɗaya. "Sannu Mama!" Tuluna suka ɗauka, caki ya shiga, kafaɗu suka fara motsi. Sai me? Ba wadda ta ba da waƙar! Kowa baki a buɗe tana zungurin ta kusa da ita. Na tsayar ina huci, matar Fasto ta ce, "To, Mama na kallo, wa zai ba da waƙa a gabanta?" Su a wurinsu tsohuwar tana zaune cikin wayar. Don haushi na tura bidiyon haka nan, wayar ta mutu a hannuna.

Washegari sai ga bidiyo daga 'yar, da wayar maƙwabciya ta ɗauka. Ga Mama jingine da matashi, an riƙe mata namu a gabanta. Da ta ji sannunmu, leɓenta ya motsa, "Yawwa." Ta saurari kiɗan, ta ga mun yi tsuru-tsuru, sai ta ɗaure fuska. "Me suke jira?" Kawai ta ba da waƙar godiyar da muke buɗe taro da ita, bakin a karkace, muryar na rawa, amma daidai kan kiɗa. Tana gamawa ta ce a gaya wa mai tulu ta cika sauri, ita kuma a kawo mata kunu. Wayyo, na yi ihu a ɗakin malamai har hedimasta ya leƙo a guje!

Ranar Lahadi Fasto ya kanga wayar a bakin makirfo. Mama ta bayar, muka amsa, cocin ya kaure da guɗa. Na yi rawa ina kuka ina dariya, ɗankwalina ya faɗi ban ma sani ba.

Ni na ɗauka waƙa ce za mu aika mata. Ashe abin da ya tashe ta shi ne ganin wurinta na nan, ba wadda ta hau, muna jiranta. Daga ranar na koyi cewa mara lafiya ya fi bukatar ya san ana bukatarsa. Shi ya sa yanzu in zan ɗauki bidiyo, nakan bar mata su yi gaisuwarsu, sannan in bar wa mara lafiyar wurin amsawa.