Kawu Sale da Ƙwayoyin Cikinsa

Duk wanda ya san Kawu Sale ya san ba ya aike. Ko allura ce sai ya ce, "Kawo nan, ni zan kai." Kajinsa ma da kansa yake kai su kasuwar Makoda, a kwalin da ya huhhuda don su sha iska.

Shekarar da mai ya yi wuya gyambon ciki ya kayar da shi. Ya sha magani har ya gaji, ya rame, ga aman jini. Likita ya zura masa wata roba ta maƙogwaro, ya tsinko ɗan nama daga cikinsa, ya nutsa shi a ƙaramar kwalba mai wani abu kamar koko mai kauri. Ya ce ƙwayoyin cutar suna jikin naman, kokon kuma guzurinsu ne, a kai su Kano da ransu cikin kular ƙanƙara, a raine su, a gano maganin da zai kashe su.

"Naman wa?" in ji Kawu. "Kawo nan!"

Na goya shi a babur. Ashe a hanya ya sa ƙusa ya huda murfin kwalbar. Ma'aikaciyar da ta karɓa a Kano ta riƙe baki.

"Baba, wa ya huda?"

"Ni. Ke a toshe kike tafiya?"

"Ai iska ce ke kashe su!"

Sun mutu, sai da aka sake zura roba. Likita ya ja ni gefe ya ce jikin Kawu ba zai ɗauki ta uku ba. Wallahi na tsorata.

Karo na biyu mai ya ƙare mana a tsakiyar gonaki, rana ta take, ƙanƙara tana narkewa. Ina tura babur, Kawu yana biye da ni yana haki. Ya jiƙa rigarsa a rijiyar wani lambu ya naɗe kular, yana yi mata fifita da malafa.

"Ku daure, 'yan banza," yake cewa. "Ku isa Kano lafiya, can a kashe ku."

Mutumin da ko ruwan leda bai taɓa saya ba, ya tare wata mai zoɓo ya saye ƙanƙararta kaf, yana biya yana tsaki!

Da muka isa Kano da ƙyar aka ce sun rayu, sai ya gyara hula. "A cikina suka tashi, dole su yi taurin kai."

Aka dace da magani, ya ƙara shekaru yana zuba yaji a tuwo. Bana da muka ɗauki makararsa, ina ta jiran in ji "kawo nan". Ban ji ba, sai hawaye.

Allah Ya jiƙan Kawu. Shi da ya yi wa maƙiyansa fifita, Allah Ya sanyaya makwancinsa.