Bangon Inna Talatu

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da wata abokiyar aikina. Mu biyun malaman zane ne a wata sakandaren 'yan mata a Kano. Hoto ne ya tashe mu. An daɗe ana yawo da shi a waya, bangon wani ɗakin ƙasa mai zanen da ban taɓa ganin irinsa ba, an rubuta a ƙasa wai aikin marigayi Malam Idi magini ne. Abokiyar tawa 'yar wajen Tsanyawa ce. Ita ta ce min sam ba haka ba ne, matarsa Inna Talatu ce ta zana, kuma tana nan da ranta.

Bas ɗinmu ta cika maƙil, amma kwandasta ya rantse saura mutum ɗaya. Mutum ɗayan ya zo da buhun masara, a kan ƙafata aka sauke shi. Kuɗin mota ya sake tashi, kowa ya yi tsaki ya biya. Da muka wuce Bichi sai gonaki ko ta ina, an girbe gero, dawa ta sunkuyar da kai, kafin ka fita daga wannan ƙauye ka hango na gaba. A Tsanyawa muka karya da koko da ƙosai mai zafi, sannan muka hau babura ta hanyar Kunci, yashi yana ta neman kayar da mu.

Inna Talatu tsohuwa ce 'yar firit, idonta ya fara dushewa. Bayan gaisuwa da fura mai sanyi, ta ja mu zuwa ɗakin. Wallahi hoton ya cuce shi. Da yatsu ta ja layukan tun laka na ɗanya, ta bi su da farar ƙasa da ja da shuni, suna murɗewa suna haɗuwa har kan ƙofa. Na daɗe a tsaye ina bin layukan da kallo.

Na ce, "Inna, ya aka yi ake cewa Malam ne ya yi?"

Ta yi dariya. "'Yar nan, baƙin da suka zo da abin ɗaukar hoto maza ne. Aka ce mu shige ɗakin girki. Suka ɗauka, suka koma zaure suka tambayi wanda ya gina, Malam ya ce shi ne. Bai yi ƙarya ba. Wanda ya zana ne ba a tambaya ba."

A wajen mahaifiyarta ta koya, ita ma a wajen tata uwar. Ta ce da babu amaryar da za ta tare a yankin ba a kira su gyaran ɗaki ba. Duk ɗakunan an rushe su, wannan ne ya rage. Raina ya ɓaci. A kwaleji mun haddace sunayen magina da masu zane, maza zalla. Abin da ya fito daga hannun mace kuwa, tukunya ce, faifai ne, ɗinkin hula ne, sai a ce "kayan gargajiya", kamar daga ƙasa ya tsiro.

Fitowarmu na lura da bulo jibge a tsakar gida. Babban ɗanta, Malam Sani, ya ce rushe ɗakin za a yi.

"Hajiya, yoyo yake. In ya faɗo mata fa?"

A nan yana da gaskiya. Na roƙe shi ya bar ko bango ɗaya, a yi masa rumfa.

Ya ce, "To, za a duba. Amma ai kwalliyar mata ce kawai."

A gabanta ya faɗa! Ta shiga ta canja mayafi, ta dawo ta tsaya jikin bangon, ta sa yatsunta cikin layukan, suka zauna daram.

"Ku ɗauke ni hoto da shi. Ki faɗi sunana, ki faɗi na uwata. Hauwa'u sunanta."

Ana kiran magariba muka shigo Kano, da ƙunshin gyaɗar da ta tilasta mana. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, sunayen matan nan ba ɓata suka yi ba, a zaure ake tsayawa da tambaya. Duk mai tsohuwa a gida, ya shiga ciki ya tambaye ta abin da hannunta ya yi, tun tana iya amsawa.

Ba a jima ba aka bugo wa abokiyata. An rushe ɗakin, ba a bar ko bango ɗaya ba. Inna ta koma na siminti. An ce ta sa an kwaɓa mata laka, kullum da hantsi tana jikin rumbu tana zane da lalube. Malam Sani ya ce a ƙyale ta, wai tsufa ne.