Dalmar da Na Tsinta a Bakin Kogi

Wata ranar Litinin, a shekarar da aka sauya wa ƙasarmu suna daga Dahome zuwa Benin, Mushe Basile, kamar yadda muke kiran malaminmu na lakwal, wato makarantar boko, a Malanville, ya shigo aji da kwando babu komai ciki. Mutumin kudu ne, Hausarsa ta kasuwa ce. Ya ce gobe kowa ya tsinto wani abu a hanya, kuma labarin abin da ka kawo za ka rubuta.

Kullum da safe ni ke kai kwanonin Inna bakin kogi in wanke. Nan cikin yashi na tsinci 'yar dalma, irin wadda masunta ke ɗaura wa bakin birgi, wato komar jifa, don ya nutse in an jefa. Da muka je aji, kwando ya cika da marfin kwalba, ƙahon rago, takalmi wari guda daga tashar motocin Gaya. Hamidu ɗan ajinmu kuwa mushen kwaɗo ya kawo, aka kore su waje shi da kwaɗon.

Faransancina bai taka kara ya karya ba, shi ya sa bakina kullum a rufe yake. Da Mushe ya ga ban rubuta komai ba, sai ya ce, "Faɗa mini da Hausa tukuna, Ramatu." Na ce dalmar ta wani masunci ce da ya bi ruwa ya yi Yawuri, ta faɗi daga birginsa, tana nan tana jira ya dawo neman ta. Ashe labarin Baba nake bayarwa, wanda ya daɗe da tafiya su, ba amo ba labari, har aka daina ambatonsa a gidanmu. Mushe ya zauna kusa da ni, muka juya shi zuwa Faransanci kalma-kalma.

Da la'asar na tarar da Inna tana surfen shinkafa, na maimaita mata labarin. Ta jingine taɓarya, ta jujjuya dalmar a tafinta, ta ce, "Na babanki sun fi wagga nauyi, da kansa yake narka su." Daga nan bakinta ya buɗe. Ta gaya mini yadda yake waƙa in yana gyaran birgi, da yadda yake tsoron kaza mai 'ya'ya, shi da ba ya tsoron dorina. Muka yi ta dariya, ita tana share ido da gefen zane.

Baba bai dawo ba. Yau jikokina bisa kabu-kabu suke zuwa lakwal, ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa balle su ga abin da ke kwance a kanta. Inna ta riga mu gidan gaskiya. Duk abin da na sani game da mahaifina, a bakin turmin nan na same shi.