Tsohuwa Mai Kofin Ruwa

A kasuwar Kwoi, wata tsohuwa siririya tana tsugune gaban buhun irin citta, hannayenta duk sun yi kanta. Ta yanki gutsure ta tsoma a kofin ruwa, ta ɗaga wa rana. Wani farin zare kamar madara yana tsiyaya a hankali daga gutsuren cikin ruwan.

"Haba Mama, saye kika zo ko duba?" in ji mai buhun.

"Ɗana, cutar ruɓa ce a ciki. Masu mura su dafa, amma kada ka ba manomi."

Da gani ta taɓa kallon gonarta tana yaushi tsakiyar damina. Ba ta tafi ba sai da ta gasa wuƙarta a wutar mai ƙosai. Ko a bakin wuƙa cutar ba za ta sake binta gida ba.